Sifilin Gaban Ɗigo

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ban taɓa ajiye littafi irin wannan ba. A jakar Malam na ɗauke shi, bai sani ba. Dole in rubuta, in ba haka ba zan faɗa wa wani, kuma ban shirya ba.

Ɗazu Malam ya baje takardun jarrabawar ɗalibansa a tsakar ɗaki yana dubawa, ni ina guga. Shekara goma sha shida da aurenmu, ban taɓa ganin ya duba takardar lissafi bakinsa a rufe ba. Sai ya kwashe da dariya ya miƙo mini ɗaya.

“Likita, zo ki ga aikin ’ya’yanki. An ba su 5.3 × 10⁻², an ce su rubuta shi a miƙe. Yarinya ta ga biyu a sama, sai ta jera sifili biyu bayan ɗigo, wai 0.0053. Ta manta wanda ke gaban ɗigon shi ma sifili ne, ba ado ba ne. 0.053 fa! Tana zaune ta rage abu sau goma.”

Na ce ai yara ne. Ya ce, “Yau yara ne. Gobe ita ce mai auna wa mutum magani.”

Sai da na ji ƙaurin rigarsa na tuna dutsen guga yana hannuna. Na ce masa tunanin cefane nake yi. Ƙarya ne, sabon fom ɗin wurin aikinmu nake gani.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Ni ba likita ba ce. Ruwa nake gwadawa a ɗakin gwaji. Inna ce ta laƙaba mini sunan don ta gan ni da farar riga, kowa ya ɗauka.

Bari in rubuta abin dalla-dalla, ko zan gano cewa ba haka ba ne.

Na’urarmu ba ta fitar da lamba a miƙe, a dunƙule take ba da ita, kamar ta jarrabawar Malam. Su kuwa mutanen ofishin lafiya ba sa son ganin wannan, sai mun warware musu. Tun ina makaranta hanyata ɗaya ce, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. In ƙaramar lambar da ke sama tana da alamar ɗebewa, ita ce yawan sifilin da zan jera. In rubuta su, in sa ɗigo bayan na farko, in ƙarasa sauran. Shekara goma sha ɗaya ina yi, ko ido a rufe.

Sai aka kawo sabon fom. Wani mai son rage mana wahala ya buga “0.” a cikin kowane akwati, ya riga ya rubuta mana sifilin farko da ɗigonsa. Ni kuma hannuna bai san an yi ba. Na ga biyu a sama, na jera sifili biyu kamar kullum, a bayan nasu.

Na ɗauko fayil ɗin makon da aka fara amfani da fom ɗin, lokacin da kowa ya fita cin abinci. Kwalba talatin da ɗaya. Talatin ba su da matsala, ko an ninka su sau goma ba su kai iyaka ba. Sai kwalba ta sha huɗu. Na’ura ta ce 8.7 × 10⁻². Wato 0.087. Ni na rubuta 0.0087, da kyakkyawan rubutuna da ake yabo. Iyakar da aka yarda mutum ya sha ita ce 0.01.

Kusan ninki tara kenan. Na sa hannu, Oga ya sa hannu a ƙasan nawa.

Kwalba ta sha huɗu, famfon burtsatsen layin su Inna ne.

Talata, ƙarfe shida na safe

Yau kwana arba’in da huɗu da cire kwaɗon famfon.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na je gida. Ban yi niyya ba, ƙafata ce ta kai ni.

Layi ne a bakin famfo, bokitai da jarkoki har kwana. Wata huɗu aka yi yana rufe saboda wurin fasa tsofaffin batura da ke bayan katanga, mutane suna zuwa ɗibar ruwa har tsallaken titi. Takardata ce ta buɗe shi. Baba Mai Makulli, wanda ke tsaron famfon, ya hango ni ya ɗaga hannu biyu: “Likita! Allah ya yi miki albarka, kin hutar da bayin Allah!” Na ce amin. Me zan ce?

Ina zama Inna ta miƙo mini kofi. Mai sanyi, garau, ana ganin gindin kofin. Abin da ke cikin ruwan ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, ba shi da launi, kuma ba zan rubuta sunansa a littafin nan ba. Na kai baki na jiƙa leɓe kawai.

“Sha mana. Ruwanki ne fa,” in ji Inna. “Duk wanda ya zo nan sai na faɗa masa ’yata ce ta gwada shi.”

Sai matar Auta ta shigo da Tsuntsuwa a kafaɗa. Auta ƙanena ne, ni na goya shi. ’Yarsa watanta bakwai, muna kiranta Tsuntsuwa don yadda take wangale baki in ta ga kwalbar madara. Nonon uwar bai zo sosai ba, tun tana wata biyu madarar gwangwani take sha. Na zauna ina kallo aka dama mata, aka girgiza, aka sa mata a baki. Ta shanye tas tana kallona.

Na ce, “Da wane ruwa kike haɗawa?”

“Na famfo mana, Yaya. Amma ina tafasawa sosai, kamar yadda kika koya mini.”

Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Wannan ba ya mutuwa, ruwan ne ma yake raguwa ya bar shi. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na zo da kwalba a jakata jiya, na cika a randar Inna tana sallah. Yau na sa a na’ura da kaina, ban rubuta a rajista ba. Ina ta addu’a a ce na’urar ce ta yi shirme wancan karon.

9.1 × 10⁻².

Na rubuta shi a farar takarda sau biyar. 0.091. 0.091. Ko ta ina na juya shi, sifili ɗaya ne bayan ɗigo.

Juma’a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na shiga wurin Oga da takardu biyu. Ya sa tabarau, ya cire, ya tashi ya rufe ƙofa.

“Wa ya sani?”

“Ba kowa, Yallaɓai.”

“To ki bar shi haka. Madam, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Hannunki ne a nan, ga nawa. Saura mini shekara ɗaya da rabi in ajiye aiki. Nan da wata uku za a sake zagayen gwaji, sai mu rubuta daidai, a ce yanzu ne abin ya hau. A rufe famfo, kowa ya huta.”

Na ce akwai jarirai a layin.

“Ba a rana ɗaya yake illa ba, ke ma kin sani. In kika tona, ke za a fara kora, kuma ba ɗakin gwajin da zai sake ɗaukarki. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.”

Na so in ce masa ai shi ma ido gare shi ranar da ya sa hannu. Ni da ake tsoron bakina a gidan nan, wai ni ce na ce, “To, Yallaɓai,” na fito har da ja masa ƙofa a hankali.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na cika jarka biyu a famfon gidanmu na kai wa matar Auta. Na ce na karanta cewa ruwan burtsatse yana da nauyi ga cikin jariri, ta riƙa haɗa madara da wannan. Ta yi ta godiya har na ji kamar in nutse. Na ce Inna ma ta riƙa sha, saboda ƙafarta. Inna ta ce me ya haɗa ƙafa da ruwa. Na ce ita ce likitar ko ni.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Kwana hamsin. Jarka biyu kafin in tafi aiki.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Jarka biyu. Malam ya ce ko na fara sana’ar ga-ruwa ne ban faɗa masa ba, ya sayo mini kura. Na yi dariya. Ya daɗe yana kallona.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Tela ta tare ni. Ita ce maƙwabciyar Inna, katanga ɗaya, tare muka yi wasan ƙasa. ’Yan biyunta ba su daɗe da fara tafiya ba. Ina sauke jarka ta fito da tef a wuya.

“Ke kuwa Likita, ruwa a ƙofar gida, ke kina ɗauko wani daga uwa duniya? Ko namu na talakawa ne, naku na ’yan gata?”

Da wasa ta faɗa. Na ce don jaririya ne kawai, cikinta ba ƙwari.

“To nawa fa? Su ƙarfe ne cikinsu?” Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. “Ke, dube ni. In da wani abu ki faɗa mini. Ciwon ’ya mace na ’ya mace ne.”

Na ce wallahi ba komai.

Na rantse. Na rubuta a nan don kada in manta cewa na rantse. Ɗaya daga cikin ’yan biyun yana riƙe da zanenta, da kofin roba a ɗaya hannun.

Juma’a, ƙarfe biyu na rana

Oga ya gaishe ni da fara’a a baranda, har da tambayar Malam. Na cika fom goma sha biyu yau. Kowace lamba sai na rufe “0.” ɗinsu da babban yatsa, na rubuta tawa a gefe, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Aikin awa ɗaya ya ci mini huɗu.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Auta ya kira. Tsuntsuwa ba ta son madara kwana biyu, sai kuka, kuma ba ta yi bayan gida ba. Inna ta ce haƙori ne.

Haƙori ne. Watanta bakwai, lokacinsa ne. Duk yara suna yi. Haƙori ne.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na je na gan ta. Na sa yatsa a dasashinta, ban ji komai ba. Na miƙa mata kwalba ta kau da kai. Ba ta wangale bakin ba.

Ba ɗanɗano, ba wari, ba launi. Ta ina zan gane? Ko da shi ne, haka za ta yi. Ko ba shi ba ne, haka za ta yi.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Malam ya dawo ya same ni zaune a kicin, tukunya a kan murhu ba wuta. Ya ce, “Yau kuma da iska za mu dafa?” Na ɗauko takardar na’ura da kwafin fom na ajiye masa a kan tebur, na ce ya duba mini kamar yadda yake duba na ɗalibansa.

Bai yi minti ɗaya ba. Na ga yatsansa ya tsaya a kan sifilin.

“Na wane ne wannan?”

“Nawa.”

“Ruwan ina?”

Na faɗa masa. Na faɗa masa jarkokin, da Oga, da rantsuwar da na yi wa Tela. Ina jira ya yi faɗa, ko ya ce abin da ya ce game da yarinyar nan. Mutumin da ba ya rufe baki, sai ya ajiye takardun ya tafi masallaci.

Da ya dawo ya ce, “Kuskuren na kwana arba’in da uku ne. Wannan kowa zai iya yi, ni ma in aka ba ni fom ɗin nan ina iya faɗawa. Amma na sati biyun nan fa, mene ne sunansa?”

Na ce za su kore ni. Na ce Inna ba za ta iya fita layin ba. Na ce ina jin tsoron Auta.

“Na sani,” ya ce. “Gida nawa ne a layin?”

Ashirin da shida. Na daɗe da ƙirgawa.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Ban je aiki ba. Na rubuta wasiƙa zuwa ofishin lafiya, na haɗa da takardun na’ura biyu. Sunana kaɗai na sa, na Oga yana kan fom, su gani da idonsu. Malam ya ce zai kai da kansa kafin ya wuce makaranta. Ni kuma na sayi kwaɗo a shagon bakin titi. Mai shagon ya ce babba ko ƙarami. Na ce wanda ba ya buɗuwa da dutse.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba zan iya rubuta duka ba.

Mutum kusan ashirin ne a layi. Na ce wa Baba Mai Makulli ya kashe famfo. Ya zaci wasa ne. Na hau kan dakalin, na ce ruwan nan ba shi da kyau, kada a sha, kada a dafa, tafasawa ba ta yi masa komai. Na ce duk mai ƙaramin yaro ya kai shi asibiti a ɗebi jininsa. Wani ya ce ai an gwada. Na ce ni na gwada, kuma ni na rubuta ba daidai ba.

“Kamar yaya ba daidai ba?”

Na ce na ƙara sifili ɗaya.

Wata mata ta ce, “Sifili? Ai sifili ba komai ba ne!” Wasu har sun yi dariya. Da ma a ce haka ne.

Tela ba ta yi dariya ba. Ta ajiye bokitinta ta matso har ina jin numfashinta.

“Ran Alhamis kin sani?”

Na ce na sani.

Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa ni ba. Ta kifar da ruwan bokitin a ƙasa, ta ɗauki ɗa ɗaya a kowane hannu ta shige gida. Na fi son a ce ta mare ni.

Inna tana tsaye a ƙofar gida, ta ji komai. Da na zo wucewa ta ce, “Shiga ciki, rana ta yi zafi.” Ba ta ce Likita ba.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana

An ba ni takarda, in zauna a gida har a gama bincike. Oga bai fito ba. Na bar farar rigar a jikin ƙusa.

Asabar, ƙarfe tara na safe

An kawo tankar ruwa layin. An ɗebi jinin yara goma sha tara. Sakamako sai Laraba. Likitan gaske ya ce abin da suke so su gani a jinin yaro shi ne ƙasa da 0.05.

Auta bai ɗauki wayata ba. Matarsa ta ɗauka ta ce, “Yaya, sau nawa na dama mata a gabanki?” Sai ta kashe.

Litinin, ƙarfe shida na safe

0.05.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na wanke labule, na wanke wanda na wanke jiya. Malam ya kawo takardun sabuwar jarrabawa ya duba su a ɗaya ɗakin, ƙofa a rufe. Ban ji dariya ba.

Ya Allah, ni ce na yi. Ita ba ta san komai ba sai buɗe baki.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Malam ya ce in zauna a gida, na ƙi. Muka same su a barandar asibiti, Auta da matarsa da Inna a kan benci, Tsuntsuwa tana barci a cinya. Tela tana can ƙarshen barandar, ta juya mana baya.

An miƙo wa Auta takardar ta taga, aka ce ya jira likita, yana ganin wani. Ya buɗe, ya juya ta, ya sake juyawa. Na’urarsu irin tamu ce, a dunƙule take rubutu. Tun yana ɗan aji ɗaya duk takardar da ta gagare shi ni yake kawo wa. Ya taso, na miƙa hannu ban ma sani ba.

Ya wuce hannuna ya ba Malam.

“Malam, kai ka duba mana.”

Na mayar da hannun cikin mayafi. Amma na riga na gani, ko a juye ina karanta irin wannan. 1.4 × 10⁻¹. Malam ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa, a hankali, ya ƙirga, ya nuna musu: 0.14. Kusan ninki uku.

Likita ya ce an gano da wuri, akwai abin da za a yi, za a riƙa auna ta duk wata. Matar Auta ta tambaye shi ko zai taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ya ce sai ta fara magana, sai ta shiga makaranta, sannan za a sani. Shekara biyar kenan ko shida.

Inna ta kama gefen mayafina muna fitowa, ba ta dube ni ba, ta ce in riƙe ta a matakala.

A mota na yi abin da na hana kaina. Na ɗora lambar a kan fom ɗinmu a cikin kaina, yadda hannuna ya saba, sifilina a bayan nasu. 0.014. Da ni aka ba in rubuta, da yanzu suna gida suna murna Tsuntsuwa lafiyarta ƙalau.